Birkin Auta

Auta ya yi wa uwarsa rowar ƙafa, sannan ya ɗauko girman Allah ya lulluɓe rowar da shi. Laifinsa ke nan, kuma babu wani suna mai daɗi da za a sa masa. Mutum ne lafiyayye, mota na ƙarƙashinsa tun safe har yamma, gari ɗaya yake zaune da tsohuwar da ta haife shi, amma damina ta shigo ta fita bai taka ɗakin da take kwance ba.

Tsohuwar tana gidan babbar 'yarta, wadda duk dangi suke kira Yaya. Yaya tela ce. Kekenta na ɗinki yana falo jikin taga, ɗakin Mama kuma yana bayan falon, ƙofarsa a buɗe kullum, don ƙafar Yaya tana kan keke ne amma kunnenta yana ɗaki. Ciwon Mama ba mai sa ihu ba ne. Mantuwa ce take cinta a hankali, kamar yadda asu yake cin zane a ƙasan akwati. Da farko tabarau take nema alhali yana kan hancinta. Daga baya ta fara rigima cewa ba a ba ta abinci ba, kwanon kuwa yana gabanta, ta sharce shi. Wata rana ta kira Yaya da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe a kabari. Abu ɗaya ne bai goge ba. Duk ranar da ta tashi da hankalinta, kafin ta nemi ruwan wanke baki, sai ta ce, “Ina Auta?”

Likita bai ɓoye wa Yaya komai ba. Ya ce ranakun da Mama take gane mutane raguwa za su yi ta yi, ba za su ƙaru ba, duk mai son ta gan shi ta san shi to ya zo yanzu. Yaya ta isar wa ƙaninta da wannan magana yadda aka faɗa mata, ba ta sa mata sukari ba.

Auta malamin koyar da tuƙi ne a wata 'yar makaranta a ɗaya gefen garin. A coci kuwa Mai Wa'azi ake ce masa, tun da Fasto ya ba shi dama ya riƙa koyarwa a taron tsakiyar mako. Ranar farko ya kama batun cewa Allah ba shi da iyaka, kuma bai sake shi ba har yau. Abin haushin shi ne duk abin da yake faɗa gaskiya ne. Allah ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Babu wurin da zai ɗauke shi, babu wurin da ba ya nan. Jiya da gobe duk a tafin hannunsa suke, ba ya tsufa, ba ya jira. Auta yakan ce, “In ka hau mota ka yi ta tafiya har tayoyi su cinye, ka sa wasu su ma su cinye, jikokinka su karɓi sitiyari su ci gaba, ba ku kai gefen Allah ba. Ba ku ma bar tsakiyarsa ba.” Jama'a su ce amin, tsofaffi su girgiza kai don daɗi. Yaya ma ta taɓa zuwa ta ji, ta kuma yarda da kowace kalma. Ba ta san da wannan wuƙar za a yanka ta ba.

Maimakon zuwa, sai Auta ya ɓullo da wata dabara. Kowace safiya saƙon murya zai faɗo a wayar Yaya, addu'a ce doguwa, ya ce a kara wa Mama a kunne. Yakan fara da Allah wanda sammai ba su ishe shi ba, ya zagaya taurari, ya leƙa zurfin teku, can wajen ƙarshe ya tuna da mai ciwo. Yaya za ta tsaya riƙe da waya har hannunta ya yi tsami, ga ɗinkin mutane yana jira. Ranar farko da Mama ta ji muryar, ta yunƙura za ta tashi, tana waige-waige.

“Yana ina? Ya shigo mana. Me ya tsaya yi a waje?”

“A waya ne, Mama.”

“To ya fito daga wayar ya shigo.”

Da tafiya ta yi tafiya, ta daina waige. Sai ta riƙa saurare kamar yadda take sauraren rediyo, wani lokaci ta yi barci tun kafin a sauko daga taurari.

Yaya ta kira shi ba sau ɗaya ba.

“Auta, yaushe za ka zo?”

“Yaya, ai kullum ina tare da ku cikin ruhu. A wurin Ubangiji babu nesa, babu kusa. Addu'ar da na yi a nan, kafin in rufe baki ta riga ta sauka a ɗakin Mama.”

“To addu'ar ce za ta yanke mata farce?”

“Ki yi hankali da saɓo, Yaya.”

“Ni ce mai saɓon? Kai ɗan nan, goya ka fa na yi. Likita ya ce lokaci yana ƙurewa.”

“Likita mutum ne. Lokaci a hannun wanda ba shi da lokaci yake.”

Ta kashe wayar ta jefa ta cikin kwandon ƙyallaye. Mijinta, mai gyaran firji da fanka, wanda take kira Baban yara, yana zaune a ƙasa ya kwance cikin wata fanka. Bai ɗago ba ya ce, “Surukina ya koma iska. Ana jin sa, ba a ganin sa.”

“Wallahi in ka ƙara yi min dariya a kan maganar nan, yau fankar za ka ci.”

“Ni na yi dariya? Tausaya miki nake. Kin goyi mutum, ya girma ya zama saƙo.”

Ta je gidansa, matarsa ta ce ya fita aiki. Ta tare shi a coci bayan sujada, ya ce dattawa suna jiran sa. Har ta taɓa hango motar makarantarsu, mai jar alamar ɗan koyo gaba da baya, tana rarrafe a babban titin da ke kusa da unguwarsu, shi yana gefe yana nuna wa wata mata hanya da hannu. A ranar nan sau biyu allura ta soke ta.

Dabarar ta zo mata ne daga bakin wata mai kawo ɗinki. Tana gwada mata riga matar take ba ta labari cewa tana koyon mota, kuma a makarantar kai ne za ka zaɓi malamin da kake so, ba ya da ikon ƙi. Yaya ta tsaya da fil a baki. Ta tambayi sunan makarantar, ta ji ita ce ta su Auta.

Ta jira safiyar da Mama ta tashi garau. Ranar ta gane Yaya, ta gane Baban yara, har ta yi masa tsiya cewa tumbinsa ya riga shi shigowa ɗaki. Yaya ta yi mata wanka, ta shafa mata mai, ta ɗaura mata shuɗin ɗankwalin da take so. Suka kama ta suka zaunar a kujera a bakin ƙofar gida inda inuwa take.

“Mama, ki zauna nan. Auta zan je in kawo miki.”

Fuskar tsohuwa ta washe. “Ki ce masa ya yi aski. Kullum kansa kamar sheƙar tsuntsu.”

A makarantar, Yaya ta faɗa wa matar da ke kan tebur cewa darasi ɗaya take so, kuma wajen malamin nan mai wa'azi. Aka kira shi. Ya fito yana murmushin karɓar baƙi, da ya ga wadda ke jiran sa murmushin ya bushe. Mai makarantar yana tsaye a baranda yana shan shayi, don haka babu halin musu.

“Yaya, me ya kawo ki nan?”

“Mota na zo koya, Malam. Ko an hana teloli?”

Shi ya tuƙa su zuwa filin da suke koyar da sababbi, wani fili mai jar ƙasa da aka jera wa tsofaffin tayoyi. Suka canza wuri. Ya nuna mata kulac, ya nuna mata giya, ya nuna mata birki da totur, da muryar da yake yi wa kowa, yana kallon gaba. Ya kuma nuna mata cewa a ƙarƙashin ƙafarsa ma akwai birki, na malami, don in ɗan koyo ya rikice a tsayar da motar. Yaya ta ƙura wa birkin nan ido.

Motar ta mutu mata sau da yawa kafin ta tashi. Da ta tashi kuma sai wata matsala ta fito. Ƙafar da ta shekara da shekaru a kan keken ɗinki ba ta san a danna a riƙe ba. Sai ta riƙa taka totur tana saki, tana takawa tana saki, motar tana zabura tana tsayawa kamar akuyar da ake ja da igiya.

“Yaya, ba zane kike ɗinkawa ba! Ki riƙe ƙafar wuri ɗaya!”

“Ƙafata ce ko taka?”

“Za ki karya mana wuya!”

“Ai a hannun Ubangiji muke.”

Suka zagaya filin, suka sake zagayawa. A zagaye na gaba, da suka zo daidai mashigar filin, Yaya ta murɗa sitiyari ta fita titi. Auta ya kai hannu, ta make shi.

“Cire min hannu. Ɗan koyo ba ya hawa titi ne?”

“Ba a ranar farko ba!”

“Ni na girme ka, ranakuna sun fi naka sauri.”

Titin ba shi da cunkoso a wannan lokaci, tana kuma tafiya ne kamar mai rakiyar gawa, don haka ya ƙyale ta, yana riƙe da gefen kujera yana ba da umarni. Suka wuce gidan mai. Suka wuce makarantar yara. Sai da suka wuce kantin maganin da Yaya take sayen magungunan Mama sannan ya gane inda aka nufa da shi. Ta karya kwana ta shiga layinsu, taya ɗaya ta hau bakin kwata ta sauka. Daga nan ana hango ƙofar gidan, da kujera, da shuɗin ɗankwali, da Baban yara yana tsaye a gefe yana kare rana da hannu.

Auta ya taka birkinsa. Motar ta yi tsalle ta mutu.

Yaya ta tayar, ta taka totur har injin ya yi kuka. Motar ba ta motsa ba.

“Ɗage ƙafarka.”

“Lokacin darasi ya kusa ƙarewa.”

“Auta, ga ta can. Yau ta gane kowa. Ta ce in faɗa maka ka yi aski. Ɗage ƙafarka.”

“Yaya, kin kasa fahimta ne. Allah da yake tare da mu a motar nan, shi ne yake tare da ita a kujerar can. Tsakanina da ita babu tazara a wurinsa.”

“A wurinsa! Ita Allah ce? Tsohuwa ce mai ido biyu, ɗayan ma ya yi yana. Ba ta ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki.”

Wani mai babur ya yi musu hon, ya raɓa ta gefe yana zagi. Yaya ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ƙaninta.

“Na yarda ba shi da iyaka. Tun kafin a haife ka na yarda. To shi marar iyakar, da ya tashi cetonmu, saƙo ya turo a kara mana a kunne? Ba zuwa ya yi ba? Wanda sama ba ta ishe shi ba ya kwanta a cikin mace, aka haife shi, aka goya shi. Ya bi garuruwa da ƙafa, ya shiga ɗakunan marasa lafiya, ya kama hannunsu da hannunsa. Shi da yake ko'ina bai ce ai ina ko'ina ba. Kai da kake wuri ɗaya tak, kai ne ka fi ƙarfin zuwa?”

Auta ya gyara zama. “Wannan darasi ne daban, Yaya. Ban kai wurin ba tukuna.”

“Yaushe za ka kai?”

“Batun rashin iyaka yana da faɗi.”

Da ba don a titi suke ba, da ta shaƙe shi. Ta kifa goshi a kan sitiyari, hon ya yi ƙara, ta ɗago. Can ya yi magana da ƙaramar murya, wadda ba ta wa'azi ba.

“Ba zan iya ganin ta haka ba. Ranar da na zo ƙarshe, ta ɓata zanenta a gabana, ba ta ma sani ba. Mama ce fa. Ina so in riƙe ta yadda na san ta.”

Ga gaskiyar ta fito, kuma ba ta da girman da ya yi ta naɗe ta da shi. Tsoro ne da ƙyama, irin na kowa. Babu ɗan da yake son ganin uwarsa a haka. Da tun farko ya ce tsoro nake ji, da an kama hannunsa an shiga da shi. Shi kuwa ya ɗauki mafi girman abin da aka sani game da Allah ya mai da shi labule, har ya riƙa jin daɗin kansa a bayan labulen.

Yaya ta ce, “Ni da nake wanke zanen, an ce maka iyawa na yi? Sau nawa nake shiga banɗaki in yi kuka in fito? Ba yadda ka san ta take nema ba, Auta. Kai take nema. Ka zo ka zauna, ko ba ka ce komai ba. In ta ɓata zane ka fita, ni zan gyara.”

Ya kalli agogonsa. “Akwai wanda yake jirana. Zan zo. Bari in shirya zuciyata, in kammala abin da na fara a coci.”

“Ƙafarka tana kan birkin har yanzu.”

Bai ɗage ba. Ya ja birkin hannu, ya zare makulli, ya fita ya zagayo ya buɗe mata ƙofa kamar yadda yake yi wa kowane ɗan koyo. Ta fito. Bai kalli layin ba. Ya shiga, ya yi baya da motar cikin ƙwarewa, ya juya ya tafi.

Yaya ta taka zuwa gida. Baban yara ya ga komai, kuma wannan karon babu tsiya a bakinsa. Mama ta leƙa bayanta.

“Ina yake?”

Yaya ba ta iya ƙarya ba, ko da wadda za ta taimaka. “Ya zo bakin layi ya koma, Mama.”

“To, wataƙila sauri yake yi. Ki ajiye masa abinci, zai dawo.”

Ta ƙi yarda a shigar da ita. Ta zauna a kujerar har inuwa ta janye, rana ta taɓa ƙafafunta, sannan suka ɗauke ta da lallashi. Da yamma saƙo ya faɗo a waya. Yaya ta buɗe ta ji farkonsa, ana roƙon Allah mai cika ko'ina ya cika ɗakin baiwarsa. Ta goge shi.

Mako bai zagayo ba zazzaɓi mai zafi ya kama Mama. Aka kwantar da ita a asibiti 'yan kwanaki. Zazzaɓin ya sauka, aka dawo da ita gida, amma abin da ya tafi da shi bai dawo ba. Tana ci, tana sha, tana kallon bango. Yaya ta koma “baiwar Allah” a bakinta, Baban yara kuma “mutumin nan”. Sai da aka kwana uku Yaya ta lura da abin da ya ɓace. Tana kan keke da safe, kunnenta yana jiran tambayar da ta saba ji, tambayar ba ta zo ba.

Baban yara ne ya je ya sami Fasto, ba tare da ya shawarci kowa ba, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, har da na birki. Fasto ya kira Auta ya ce masa kada ya sake tsayawa gaban jama'a sai ya je ya ga uwarsa. Abin da kukan yayarsa bai yi ba, da abin da maganar likita ba ta yi ba, rasa wurin tsayawa a coci ya yi shi a yini ɗaya.

Ya zo washegari da riga mai guga da ledar lemu. Yaya ba ta tashi daga kan keke ba. Ta nuna masa ƙofar da haɓa, sannan ta kasa daurewa ta bi bayansa ta tsaya a bakin ɗakin. Ya durƙusa gaban gado.

“Mama, ni ne. Auta ne.”

Ta dube shi irin duban da ake yi wa mai karanta mitar wuta, ta mai da ido bango.

“Mama, Autanki ne. Na zo.”

Ya rasa abin yi, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya rufe ido ya fara addu'a, ya ɗaga murya, ya kama sammai. Mama ta yamutsa fuska, ta juyo tana neman hannun Yaya da ido.

“Baiwar Allah, kashe abin nan. Kaina yana ciwo.”

Auta ya buɗe ido. Ya kalli yayarsa kamar ita za ta gyara. Yaya ta shigo, ta gyara wa tsohuwa matashi, ta ce masa, “Matsa, lokacin maganinta ya yi. In za ka zauna, ga kujera. In za ka yi amfani, ɗauko min ruwa a kicin.”

Ya ɗauko ruwan.

Mama ta ƙara kusan shekara a duniya. Auta ya riƙa zuwa bayan aiki, ya koyi ɗaga ta, ya koyi ba ta abinci da cokali, ya faɗa mata ko shi wane ne duk ranar da ya zo. Har ta rasu ba ta gane shi ba, ko sau ɗaya.